Tsarabar Littattafai A Lokacin Hutu

Ga shi hutu ya matso, kowa a cikinmu ya fara ɗaure kaya, yana lissafin ɗan abin da ya rage masa a aljihu da yawan mutanen da ke jiransa a gida. Al'adarmu ce tun kaka da kakanni, wanda ya komo daga tafiya ba ya shiga gida hannu rabbana. Tsoho a kai masa goro, tsohuwa turare ko sabulu, yara kuwa alewa. Wannan duka daidai ne, ba mu ce a bari ba. Amma mu da a ke koya wa aikin malanta ya kamata a ga alamar sana'armu cikin tsarabarmu, kamar yadda baduku in ya je ganin gida ya kan riƙa takalma. Alewa ba ta kai la'asar, goro ba ya wuce mako, littafi kuwa ya kan shekara goma a gida, wa ya karanta ya miƙa wa ƙane.

Sai dai sayen littafi ba shi da wuya kamar zaɓensa. Tela ba ya yanka sai ya auna mai riga, to, haka ya kamata mai kyautar littafi ya yi, har ma ya fi tela lura. Gama in riga ta yi wa yaro yawa, sai a ninke ta a ajiye har ya girma, ba a yi hasarar kome ba. Littafi kuwa in ya fi ƙarfin yaro, ya buɗe ya yi ta tuntuɓe har ya gaji, abin da zai riƙe a ransa shi ne karatu wahala ne, shi kuma ba shi da kai. Irin wannan tabo ya kan daɗe bai warke ba, mu ne kuwa za mu tarad da shi a aji nan gaba. In kuma littafin ya yi masa kaɗan, sai ya ga an raina shi, ya jefar.

Sabo da haka, kafin mu shiga kanti, sai mu tambayi kanmu abu uku game da wanda za mu ba. Ina karatunsa ya kai? Da wane harshe da wane rubutu ya ke karatu, watau Hausa ko Turanci ko Larabci, boko ko ajami? Mene ne kuma hankalinsa ya ke kai? Shekaru kaɗai ba su isa ma'auni ba. A kan sami ɗan shekara 12 wanda bara aka sa shi makaranta, ga kuma ɗan shekara 9 da ya riga ya kai aji huɗu. Za mu bi shekaru a nan don sauƙin bayani kawai, amma tambayoyin nan uku su ne gaba.

Mu fara da ƙanana, 'yan shekara 4 zuwa 7, waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ko kuwa yanzu su ke haɗa baƙi da wasali. Waɗannan da ido da kunne su ke karatu. A nemo musu littafi mai manyan hotuna, layi ɗaya ko biyu a shafi, baƙaƙe manya-manya, takarda mai kauri wadda ba ta yagewa da wuri. Hotunan su zama na abin da yaro ya sani, kamar akuya da kaza da jaki da kasuwa, don ya nuna da yatsa ya faɗi suna, daga nan ya gane cewa zanen da ke ƙarƙashin hoton shi ne sunan nan da ya faɗa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun dace da su ƙwarai, domin sun riga sun ji su a bakin kaka, in sun tarad da su a takarda sai su ga tsohon aboki. Wanda ya fara haɗa kalmomi kuwa, tsofaffin littattafan nan na koyon karatu, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, an jera su ne hawa-hawa kamar tsani, sai a duba matakin da yaro ya ke a ba shi. Amma a sani, wanda ya ba ƙaramin yaro littafi ya ɗaukar wa kansa aiki, gama sai ya zauna ya karanta masa, sau goma in ya nema. Maimaicin nan da ya ke gundurar babba, shi ne abincin yaro.

Sai 'yan shekara 8 zuwa 12, waɗanda bakinsu ya faɗa da karatu. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane muhimmanci, don a nan ne yaro ya kan kamu da son karatu ko ya rabu da shi. Abin da su ke so labari ne mai tafiya da sauri, mai ban dariya da ban mamaki. A nan mu Hausawa mun yi sa'a. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa, littattafan da suka fito daga gasar nan kuwa har yau ba su tsufa ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, gajere ne, yaro ya iya gama shi cikin kwana biyu ko uku, kuma da wuya ya ajiye shi, sabo da son ya ga abin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe za su ƙulla wa juna a gari na gaba. Magana Jari Ce kuwa, na marubucin nan dai, littafi uku ne da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Amfaninsa ga mai kyauta shi ne labaransa guntaye ne, kowane da farkonsa da ƙarshensa, yaro ya karanta ɗaya yau ya huta, gobe ya komo. A fara ba shi na ɗaya kaɗai, inda aku ya ke tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita. In ya gama ya nemi na biyu da bakinsa, to, an yi nasara, kuma an san tsarabar hutu mai zuwa. Yaro mai son labarin jarumta a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, mai yawan tambaya game da wata da taurari a ba shi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969.

In za a ba yaro na wannan mataki littafin Turanci, akwai wata dabara da malamai su kan yi. A buɗe tsakiyar littafi a sa shi ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi a lanƙwasa yatsa. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa. Da ya ke yaron ba ya kusa sa'ad da mu ke saye, sai mu tuna littafin da a ke karanta musu a aji, mu ɗauki wanda ya ɗan fi shi sauƙi. Littafin hutu ba na jarrabawa ba ne, aikinsa shi ne ya hana karatu yin tsatsa cikin makonnin da babu malami.

Samari da 'yan mata, daga shekara 13 zuwa 19, su ne masu wuyar sha'ani. Sun wuce tatsuniya, ba sa kuma son a yi musu wa'azi a fakaice. Da sun ji ƙanshin cewa an zaɓi littafi ne don a gyara musu hali, sai su tura shi ƙarƙashin katifa su koma ga wayar hannu. Abin da ya ke kama su shi ne labarin da ya ɗauke su manya, ya nuna musu duniya yadda ta ke. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin irin waɗannan, labarin yaron da aka sace zamanin bauta aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa kuma ta bi sawunsa tana nema. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa kafin ya shiga ƙasar aljannu, ya dace da saurayi mai zafin jini. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya nuna inda ramuwar gayya ta ke kai mutum, ba tare da ya tsaya yana faɗa ba. Saurayin da ya ƙosa ya bar ƙauye ya tafi birni, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo zai ba shi abin tunani.

Kada kuma mu yi abin da a kan yi, a kai wa ƙane littafi a kai wa ƙanwa ɗankunne. Ita ma mai karatu ce, sau da yawa ma ta fi shi naci. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, yana cikin littattafan labari na farko da mace ta rubuta da Hausa aka buga. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar, daga baya ta koma neman ilmi. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 suna da yawan gaske, akwai nagari akwai na banza, ba a yi musu kuɗin goro. Ƙa'ida ɗaya ce a nan: kada mu ba ɗan wani ko 'yar wani littafin da mu ba mu karanta ba. In mahaifi ya tambaye mu abin da ke ciki, ya zama muna da amsa.

Sa'an nan manya, watau yayye da abokai da matan gida. Waɗannan lokacinsu kaɗan ne, sabo da haka sai a dubi sana'arsu da abin da su ke yawan taɗi a kai. Mai son labarin ƙasashe a ba shi Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin tafiyarsa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ɗan'uwanmu malami kuwa babu abin da ya fi masa ƙamus, irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Yana da tsada, amma mutum uku ko huɗu sun iya haɗa kuɗi su saya wa makarantar garinsu guda. Akwai kuma babban da bai daɗe da koyon karatu ba a ajin yaƙi da jahilci. Kada a ba shi littafin yara mai hoton kyanwa, zai ji kunya ya ɓoye. A nemo masa mai sauƙin kalmomi amma mai maganar manya, kamar noma ko kiwo ko kiwon lafiya.

Daga ƙarshe sai dattawa, iyaye da kakanni. Abu biyu ne abin lura game da su, ido da rubutu. Ido ya yi rauni, sabo da haka ƙananan baƙaƙe azaba ne, kome kyaun littafi. Da yawansu kuma malamai ne a ajami da Larabci, ko da ya ke ba su yi boko ba, wanda ya miƙa wa irin wannan dattijo littafin boko ya nuna bai san darajarsa ba. A nemi na ajami a wajen masu sayad da littattafai na bakin masallaci ko na kasuwa, irin ta Kurmi a Kano. Dattawa sun fi son tarihi da waƙa. Ga mai karatun boko akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu na Sakkwato, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya. In ido ya gaza gaba ɗaya, sai a haɗa littafin da jika mai karanta masa bayan sallar isha'i. Ta haka tsoho ya sami hira, yaro ya sami mai gyara masa karin magana da sunayen sarakuna, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Saura 'yan abubuwa game da sayen kansa. Kada kyaun bango ya ruɗe mu. A buɗe littafi a bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe, domin bugun sata ya yi yawa, a kan tarad da shafi ya ɓace, ko an juya shi, ko tawada ta dushe. A duba ɗinki, in manne shi kawai aka yi da ɗan gam, ba zai kai ƙarshen hutu a hannun yara ba. Wanda kuɗinsa bai kai sabo ba, kada ya ji kunyar na hannu, muddin shafinsa ya cika, a sa masa riga da takarda mai kauri. In gida ya cika da yara, kuɗi kuwa na littafi ɗaya ne, a sayi wanda za a karanta a bayyane kowa ya ji, kamar Magana Jari Ce, a danƙa shi a hannun babbansu amana. A rubuta sunan mai littafi a shafin farko da kwanan wata, gama yaro ya kan tsare abin da ke ɗauke da sunansa.

Bayan an miƙa kuma aiki bai ƙare ba. Bayan kwana biyu a tambayi yaro ina ya kai, wa ya fi burge shi cikin mutanen labarin, amma da sigar hira, kada a mai da zaure aji. In an ga bai taɓa littafin ba, kada a yi masa faɗa. A zauna a karanta masa shafi biyu ko uku, a tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, a ajiye littafin kusa da shi a tashi. Sau da yawa wannan ya isa.

Nan da shekara ɗaya ko biyu za a ba kowannenmu aji, yara arba'in ko fiye, kowane da inda karatunsa ya tsaya. Wanda ya iya auna ƙannensa uku ya zaɓa wa kowa abin da ya dace da shi, ya fara koyon babban ɓangare na aikin nan tun bai karɓi alli ba. Allah ya kai mu gida lafiya, ya komo da mu lafiya.