Cin giwan ruwa a bakin Kogin Isa: Abin da baƙo zai tarar a Yamai

Matafiyin da ya baro Sakkwato ya bi ta Illela da Birnin Ƙonni da Dosso yakan shiga Yamai a gajiye, bayan tafiyar sama da kilomita 400 daga kan iyaka. Idan mai masaukinsa na son karrama shi, ba kasafai yake wuce wuri guda ba: bakin kogi, gab da faɗuwar rana.

Wurin da ya fi suna shi ne farfajiyar Grand Hôtel, wadda ke kan tudu tana kallon ruwa. Daga nan ana hango gadar Kennedy da aka kammala a 1970, da unguwar Harobanda a tsallake, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Motoci da babura na ta kai da kawowa a kan gadar, masunta na tuƙa kwalekwale a ƙarƙashinta, jemagu kuma na fita kiwo jere-jere. Wurin ya yi fice da tsire, amma baƙon da ya san abin da ya kawo shi kifi yake nema.

A takardar abinci ta irin waɗannan wurare, wadda galibi da Faransanci take, sunansa "capitaine". Ba wani baƙon kifi ba ne, giwan ruwa ne. Tsokarsa fara ce, ƙayarsa kaɗan, shi ya sa masu dafa abinci ke ji da shi. Akan gasa shi a kan garwashi, a kawo da lemon tsami da soyayyen dankali ko shinkafa. Wanda aka lulluɓe da miyar kirim irin ta Turawa ya fi tsada, sai dai miyar na danne ɗanɗanon kifin. Gasasshen ya fi. "Carpe" kuwa karfasa ce, ta fi araha, ta kuma fi ƙaya.

Akwai abin lura ga baƙo. Wasu manyan wuraren na sayar da barasa, don haka mai iyali gara ya tambaya kafin ya zauna. Sauro ma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa da zarar magariba ta yi. Sai kuma lissafin kuɗi: a takarda da sefa ake rubutawa, amma a bakin mutane da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai kwalekwale ya ce dala ɗari biyu, jaka guda yake nufi, wato sefa 1,000. 'Yan Najeriya da dama sun sha rikicewa a nan.

Tsadar farantin ba ta kujera da iska mai daɗi kaɗai ba ce. Kogin, wanda 'yan Najeriya ke kira Kwara ko Neja, ya taso daga tsaunukan Gini ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku, amma a Yamai yashi na cike shi. Sare itatuwa da zaizayar ƙasa na turo rairayi daga koramu, gurbin da manyan kifaye ke ɓuya yana raguwa. Sarkawa, waɗanda suka gaji su kaka da kakanni, sun daɗe suna kukan cewa babban giwan ruwa ya yi wuyar samu. Ga daskararren kifin da ake shigowa da shi daga waje ya cika kasuwa. Ba abin kunya ba ne baƙo ya tambayi mai kawo abinci ko kifin na kogi ne, kuma yaushe aka kama shi.

Lokacin zuwa ma na da tasiri. Kogin na cika sau biyu a shekara: da damina, a Agusta da Satumba, ruwan ja ne saboda laka, sai kuma wajen Janairu, lokacin da ruwan Gini ke isowa bayan ya ratsa fadamun Mali. A wannan lokaci na hunturu ne zaman bakin ruwa ya fi daɗi. Wanda ya zo a watan Mayu ko Yuni zai ga tsibiran yashi da shanu a tsakiyar kogi. A 1985 ruwan ya daina gudu ɗungurungum a Yamai, a 2020 kuma ya yi ambaliya ya karya shingen kariya, ya shanye gidaje da gonakin shinkafa a ɓangaren Harobanda, daidai inda mai cin kifi ke kallo daga kan tudu.