Sunayen garuruwan bakin teku

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano, inda ruwan teku yake, tafiyar mota ta fi kilomita 1000. Amma tun zamanin kakanni, fatake Hausawa suna gangarawa kudu neman goro, har waɗansu suka kai gaɓar teku suka zauna. Kowane gari da suka tarar yana da sunansa, kowane suna kuwa yana da mafari.

Waɗansu sunaye mutanen wurin ne suka raɗa su da harshensu. Kwatano, babban birnin kasuwanci na ƙasar Benin, asalin sunansa Kutonu. Da harshen Fon, “ku” mutuwa ne, “to” kogi, “nu” kuma baki. Ke nan ma'anarsa “bakin kogin mutuwa”. Babban birnin Gana, wanda Hausawa suke kira Ankara, ya samo sunansa daga kalmar “nkran”, wato tururuwa da harshen Akan. Birnin Legas kuwa, Yarabawa suna ce masa Eko. Daga nan Hausawa suka sami sunan Ikko.

Waɗansu sunaye kuma baƙi ne suka zo da su cikin jiragen ruwa. Turawan Fotugal su ne Turawan farko da suka bi wannan gaɓa. Abin da idonsu ya fara gani, shi suke sa ma wuri. Cikin 1462 suka hangi manyan duwatsu a bakin ruwa, suka ce musu Serra Leoa, wato “duwatsun zakanya”. Ƙasar Saliyo ke nan. Cikin 1471 suka iso wani wuri inda ake sayar da zinariya mai yawa. Suka kira shi Mina, wato mahaƙar ma'adini. Suka gina ganuwa a wurin cikin 1482. Garin shi ne Elmina, cikin Gana. Wajen 1472 suka shiga kogin Wuri, suka tarar da jatan lande ba iyaka. Da harshensu jatan lande “camarões” ne. Daga wannan kalma sunan Kamaru ya fito. Legas ma kalmarsu ce, ma'anarta “tafkuna”. Porto-Novo kuwa “sabuwar tasha” ke nan.

Daga baya ƴan kasuwar Turai suka raba gaɓar kashi-kashi, bisa hajar da suke saye. Aka sami Gaɓar Zinariya, da Gaɓar Hauren Giwa, wadda ake kira Kodibuwar da Faransanci. Akwai kuma suna mai ban tausayi: Gaɓar Bayi. Ita ce bakin tekun Togo da Benin da yammacin Nijeriya. Daga nan aka loda mutane masu ɗimbin yawa cikin jirage, aka kai su Amurka, ba su sāke ganin gida ba. Sun lissafa ɗan Adam cikin haja, kamar zinariya da haure.

Amma akwai sunayen da suke tuna ƴanci. Cikin 1792 aka kafa Freetown a Saliyo, domin bayin da suka sami kansu. Ma'anar sunan da Ingilishi “garin ƴantattu”. Libreville ta ƙasar Gabon, wadda aka kafa cikin 1849, ma'anarta ke nan da Faransanci.

Da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, waɗansu suka ƙi sunan da baƙi suka sa musu. Cikin 1957 Gaɓar Zinariya ta zama Gana, don tunawa da wata tsohuwar daula ta Afirka ta Yamma. Cikin 1975 Dahome ma ta sauya suna, ta zama Benin.

Suna linzami ne, in ji Hausawa. Wanda ya san mafarin sunan gari, ya san waɗanda suka zauna cikinsa, da waɗanda suka ratsa shi, da abin da ya same su.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar Kutonu?
2. Daga ina sunan Ikko ya fito?
3. Don me aka ce Gaɓar Bayi suna ne mai ban tausayi?
4. Ku tambayi tsofaffi mafarin sunan garinku, ku rubuta shi.