Ko Kun Sani? Daga Tayar Mota Zuwa Harsashi

Ɗan guntun ƙarfen nan da ake maƙalawa a gefen rim don kada taya ta riƙa rawa a guje, a da dalma ce. A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin farautarsa a gida, maharba sun daɗe suna zagaya shagunan faci suna kwasar tsofaffinsa bokiti-bokiti, wani lokaci ma kyauta, don su narka su yi harsashi. Abin da ya ja su shi ne ɗan antimonin da ke ciki, wanda ke ƙara wa dalmar tauri.

Yanzu garaɓasar ta ja baya. Tarayyar Turai ta hana amfani da na dalma a 2005, jihar Kalifoniya ta bi sahu a 2010, saboda sukan faɗo a titi, motoci su niƙe su, gubar ta bi ruwa da ƙasa. Na ƙarfe da na zinki suka maye gurbinsu, kuma zinki kaɗan ya isa ya ɓata narkin tukunya guda.

In kun tsinci irinsa a bakin hanya, kada ku bar yaro ya kai baki. Dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar yara.