Zaɓen Manjagarar da ta Dace da Ƙaramar Tarakta: Lissafi Kafin Ciniki

Ga ɗan kasuwar da ya zuba jari a ƙaramar tarakta domin aikin haya a gonaki ko filayen gini, manjagarar da ake maƙalawa a bayanta tana daga cikin kayan aiki masu sauƙin kuɗi. Sai dai kuskure wajen zaɓen girmanta yakan jawo asarar mai, da ɓata lokaci, da lalacewar ƙarfe. Aikinta shi ne tattara duwatsu da saiwoyi da karan amfanin gona, tare da daidaita ƙasa bayan an yi huɗa.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya auna shi ne faɗin taraktar, daga gefen waje na tayar baya guda zuwa na ɗayar. Ƙa'idar ita ce manjagara ta rufe sawun tayoyin biyu, domin kada a bar layin ƙasar da aka danne ba a gyara ba. A nan ne da yawa suke faɗawa tarko, saboda sau da yawa ana karkata manjagarar ne domin ta riƙa ture tarkace gefe guda, kuma karkatarwar tana rage faɗin aikinta. Manjagara mai ƙafa 6, wato inci 72, idan aka karkata ta da digiri 30, inci 62 kacal take sharewa. Mai ƙafa 5 kuwa takan koma inci 52. Saboda haka taraktar da faɗinta ya kai inci 60 tana bukatar mai ƙafa 6, ko da yake mai ƙafa 5 ta yi daidai da ita idan tana miƙe.

Abu na biyu shi ne maɗaurin. Kusan dukkan taraktocin zamani suna amfani da maɗauri mai hannu uku, wanda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, ya kuma bazu bayan fitowar taraktar Ford 9N a Amurka a 1939. An kasa shi aji-aji bisa kaurin ƙusoshinsa. Aji na 1, wanda akasarin ƙananan taraktoci irin na Kubota suke da shi, ƙusoshinsa na ƙasa milimita 22 ne, na aji na 2 kuma milimita 28. Wanda ya sayo manjagarar da ajinta ya saɓa da na taraktarsa, dole ne ya ƙara kashe kuɗi kafin ta ɗauru.

Na uku shi ne nauyi. Kowace tarakta tana da iyakar abin da hannuwanta na baya suke iya ɗagawa, kuma an rubuta shi a littafin da ya zo da ita. Manjagarar da ta yi nauyi fiye da kima takan sa gaban tarakta ya yi sauƙi, sitiyari ya ƙi kamawa, wanda hakan haɗari ne ga direba, musamman a gangara. Wadda ta cika faɗi kuma, da zarar ta tara ƙasa mai laima, sai tayoyi su riƙa juyawa a banza, mai yana ƙonewa. Mara kauri kuwa haƙoranta sukan lanƙwashe a ƙasa mai duwatsu.

Ta fuskar riba, lissafin a bayyane yake. Tarakta mai tafiyar kilomita 5 a awa, da faɗin aiki na mita 1.5, tana gama kashi uku cikin huɗu na hekta a awa guda, kafin a cire lokacin juyawa. Idan faɗin ya kai mita 1.8, aikin yakan ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Amma wannan ƙari ba ya samuwa sai injin yana iya jan kayan ba tare da rage gudu ba.

Don haka kafin a biya kuɗi, wajibi ne mai saye ya je wurin dillali da abubuwa uku a rubuce: faɗin tayoyin baya, ajin maɗauri, da iyakar nauyin da taraktarsa take ɗagawa. Haka kuma ya tabbatar cewa haƙoran manjagarar masu kwancewa ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ana samun madadinsu a kasuwa, domin su ne sukan fara karyewa.