Zaƙin da ke ɓoye cikin hargowa: faifan At the Gates na 1995

Duk wanda ya saurari faifan Slaughter of the Soul karon farko ba tare da an shirya masa kunne ba, cewa zai yi hayaniya ce kawai. Ganguna na gudu, jita na ruri, mawaƙin kuma ihu yake yi iya ƙarfinsa. Ban ga laifinsa ba. Amma wannan faifai mai waƙa 11, wanda tsawonsa duka kimanin minti 34 ne, yana cikin ayyukan da suka kafa salon da ake kira melodic death metal, wato kiɗan metal mafi tsanani da aka saka wa kari mai daɗi a ciki. Samari biyar ne 'yan birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin suka yi shi, masu suna At the Gates, kamfanin Earache na Ingila ya fitar da shi a 1995.

Kafin su, death metal ya riga ya yi ƙarfi a wurare biyu. A jihar Florida ta Amurka akwai irin su Death da Morbid Angel. A Stockholm kuma akwai Entombed, waɗanda faifansu Left Hand Path na 1990 ya zo da jita mai kauri da ƙarar tsiya, wadda suka samu daga wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, Boss HM-2, bayan sun murɗe maɓallanta har ƙarshe. Waɗannan nauyi da ban tsoro suka sa a gaba. 'Yan Gothenburg sun so nauyin, amma sun so kuma mutum ya tashi daga sauraro da wani kari maƙale a kansa.

Haɗa biyun ba abu ne mai sauƙi ba, kuma dalilin yana cikin na'ura. Idan aka kaɗa tsirkiyar jitar lantarki, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yana mayar da girgizarta wuta, wutar ta bi waya zuwa na'urar ƙara sauti. Makaɗan metal da gangan suke ɗura wa na'urar fiye da abin da za ta iya ɗauka. Sai ta datse kan igiyar sautin, daga datsewar nan wasu sabbin sautuka su tsiro a kan na asali. Shi ne rurin da ake ji. In tsirkiya ɗaya aka kaɗa, sababbin sautukan ninkin na asalin ne, ninki biyu, ninki uku, don haka suna zama lafiya da shi. In kuwa aka haɗa tsirkiya uku ko huɗu lokaci guda, na'urar sai ta cakuɗa su ta haifi wasu sautukan da ba su dace da ko ɗaya ba, abin ya dagule.

Dabarar farko ita ce raba aikin. Anders Björler da Martin Larsson kowa da jitarsa da na'urarsa, kowa yana kaɗa sauti ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya a sama kaɗan ɗaya a ƙasa. Ba a haɗa su sai bayan kowanne ya fito daga tasa na'urar, don haka jituwar tana fitowa tas. Iron Maiden na Ingila sun daɗe suna haka. Abin da At the Gates suka ƙara shi ne ɗora wannan jituwa a kan gudu irin na ƙungiyar Slayer.

Dabara ta biyu ce ta fi burge ni, kuma ita ce tambarinsu. Sun sassauta tsirkiyoyinsu, babbar da ta saba girgiza kusan sau 82 a sakan ɗaya ta koma kusan 62. Makaɗin sai ya ɗora gefen tafinsa na dama a gindin wannan babbar tsirkiya ya danne ta, ta riƙa fitar da ɗan gajeren sauti mai nauyi. Yana dukanta biyu ko uku, sai ya yi tsalle ya taɓa sauti na sama, ya dawo, ya sake tsalle zuwa wani. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ya ga yadda yake komawa tsirkiya ɗaya a matsayin gida alhali ɗayar tana yawo, zai gane abin nan take. Kunne da kansa yake tsince sautukan saman ya jera su, su zama kari, na ƙasan kuma su zama tushe. Jita ɗaya ke nan tana aikin biyu. A saurari waƙar farko, Blinded by Fear, za a ji haka tun daga shigowar jita.

Sai murya. A maƙogwaron ɗan Adam, sama da tantanin da muke magana da shi, akwai wasu naɗe-naɗen nama guda biyu waɗanda ba sa aiki a maganar yau da kullum. Mawaƙan wannan fanni suna koyon sa su girgiza, daga nan gurnanin yake fitowa. Yawancinsu ƙasa suke kai muryar har kalma ta ɓace. Mawaƙin At the Gates, Tomas Lindberg, sama ya kai tasa, ta zama kururuwa irin ta mai neman ɗauki, kuma in ka kasa kunne kana jin gaɓoɓin kalmominsa. Ba rerawa yake ba. Jita ke rerawa, shi kuwa muryarsa tana faɗowa daidai kan bugun gangar Adrian Erlandsson, har ta zama wani ɓangare na kiɗan.

An ɗauki faifan a sutudiyon Fredman, a hannun Fredrik Nordström. A nan ne kuma Dark Tranquillity suka ɗauki The Gallery na 1995, In Flames suka ɗauki The Jester Race na 1996, shi ya sa ake haɗa ukun a ce musu sautin Gothenburg. Amma na At the Gates ya fi su tsuke baki. Yawancin waƙoƙinsa minti uku ne da 'yan kai, babu dogon sharar fage. A tsakiya suka ajiye Into the Dead Sky, inda babu ihu ko kaɗan, jita ce a hankali, don kunne ya huta. A waƙar Cold kuma suka gayyato Andy LaRocque, makaɗin jitar ƙungiyar King Diamond, ya yi ɗan gajeren kaɗi shi kaɗai wanda har yau masu koyon jita suke fama da shi.

Na san mai karatu zai tambayi abin da suke faɗa, kuma tambayar tana kan hanya. Gaskiya ne a cikin dangin wannan kiɗa akwai masu ɗaukar hotunan shaiɗanci da zagin addini su mayar ado, kuma ba zan wanke su ba. Lindberg a wannan faifai ya karkata ne ga tsoro, kaɗaici, yanke ƙauna da al'ummar da take cinye 'ya'yanta. Kalaman suna da duhu ƙwarai, ba kowa zai iya da su ba. Shi kansa mutumin daga baya malamin makaranta ya zama, yana koyar da darasin zamantakewa.

Nasarar faifan ba ta riƙe su ba. Yawon wasa ya gajiyar da su, a 1996 suka watse, Anders da tagwainsa Jonas mai jitar bass da Adrian suka shiga kafa ƙungiyar The Haunted. Bayan 'yan shekaru sai ga matasan Amurka, irin su Darkest Hour da The Black Dahlia Murder, sun ɗauki wannan tsalle tsakanin babbar tsirkiya da na sama sun gina nasu a kai, har salon ya yi yawa ya gundiri mutane. Da yawa daga masu kwaikwayon sun ɗauki zaƙin sun bar raɗaɗin, kiɗan ya fito sumul ba rai. At the Gates sun sake haɗuwa a 2007, suka fitar da At War with Reality a 2014. Lindberg ya rasu a watan Satumba na 2025 yana da shekara 52, bayan fama da cutar daji.

Mai karatu, in za ka gwada, sa abin sauraro a kunnuwa biyu, ka rage ƙara don kada ka cuci jinka. Ka ƙyale muryar tukuna, ka bi jitar da ke kunnenka na hagu ita kaɗai har waƙar ta ƙare, sannan ka maimaita ka bi ta dama.