Wasan talabijin na da: na'ura ɗaya, unguwa guda

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Maraɗi cikin shekarun 1990, daga Mokoyo zuwa Sabon Gari, ba ya mance da ƴar na'urar nan da ake haɗawa da talabijin, yara su yi cincirindo a zaure suna jiran layi. Haka abin yake a Tsibirin Gobir da Jiratawa, a duk gidan da Allah ya hore wa wutar lantarki.

Asalin na'urar daga ƙasar Japan ne. A shekarar 1983 kamfanin Nintendo ya fito da Famicom, a 1985 kuma ya fito da wasan Super Mario Bros. Amma mafi yawan waɗanda suka iso ƙasar Hausa kwaikwayo ne, ƙirar Taiwan da Sin. Ƴan kasuwa ke shigo da su daga Kano da Katsina, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. A jikin kaset ɗinsu akan rubuta cewa wasanni 9999 ne a ciki, alhali ƴan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. In kaset ya ƙi tashi, sai a ciro shi a hura masa iska a mayar. Akwai kuma ƴar ƙaramar na'urar hannu mai aiki da batir, wadda ake jera tubali cikinta; kwaikwayo ce ta Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a birnin Mosko a 1984.

Ita kuwa kwamfutar gida, wadda ƴan lakwal ke kira ordinatar, irin su Commodore 64 ta 1982 da Amstrad CPC 464 ta 1984, sai gidan wane da wane. Daga kaset irin na rediyo ake ɗora mata wasa, a zauna ana jira mintoci kafin hoto ya bayyana.

Kayan nan ba su da araha ga talaka, balle bayan karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. To, wannan rashi shi ne ya haifar da zumunci. Na'ura ɗaya ke ɗauke da unguwa guda. Wanda aka cinye ya miƙa wa na bayansa, babba ya koya wa ƙarami inda rami yake, ɗan mai gida da ɗan maƙwabci su zauna bisa tabarma ɗaya. Da aka buɗe rumfunan Sega da PlayStation, sai yara su haɗa dala-dala su biya kuɗin wasa tare. In wuta ta ɗauke, a koma langa da dara, ba wanda ya yi asara.

A yau wayar hannu ɗaya ta fi dukan waɗancan na'urori ƙarfi, amma yaro shi kaɗai yake sunkuye kanta. Saboda haka abin da magidantan yau ke bege ba Mario ba ne. Zaman taren ne.

Su kansu kayan suna ɓacewa. Zafi da ƙurar hunturu sun cinye wasu, ƴan gwangwan sun kwashe saura. Ƴar bindigar harbin agwagwa ta wasan Duck Hunt ba ta aiki da talabijin mai shafaffen gilashi, sai da tsohuwa mai ƙeya. Ko a Amurka, wani bincike na 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito can kafin 2010 ba a sayar da su kuma.

Don haka ya kamata duk mai irin wannan na'ura a ƙarƙashin gado ya adana ta, ya kakkaɓe ta, ya tara ƴaƴansa da na maƙwabta su yi layi kamar da. Masu iya magana sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba; amma wanda ya yar da bara, me zai nuna wa ƴan baɗi?