Yadda Likitoci Ke Gano Toshewar Bututun Ƙwai

A ƙasar Hausa, idan aure ya daɗe babu haihuwa, mace aka fi ɗora wa laifi, har a kira ta juya. Amma likita ba ya yanke hukunci sai ya yi bincike, kuma daga cikin abubuwan da yake dubawa akwai bututun ƙwai.

Mace tana da irin wannan bututu guda biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa kimanin santimita 10 zuwa 12. Su ne ke ɗauko ƙwai daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa, kuma a cikinsu ƙwan ke gamuwa da maniyyi. In duka biyun suka toshe, ciki ba zai shiga ba, ko da matar tana ganin al'adarta kowane wata. Abin da ya fi jawo toshewar shi ne tabon da ƙwayoyin cuta ke bari, kamar na ciwon sanyi da ba a magance da wuri ba, ko na cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari.

To, yaya za a ga abin da ke can cikin mara? A shekarar 1920 wani likita a Amurka, Isidor Rubin, ya fito da dabarar hura iska ta bakin mahaifa don a ga ko za ta wuce. A yau an fi amfani da gwajin da ake kira HSG. Ana yin sa bayan ɗaukewar jinin al'ada, kafin ƙwai ya fito, don kada a taɓa ƙaramin ciki. Likita zai zura siririyar roba ta bakin mahaifa, ya tura wani ruwa mai sinadarin aidin, sannan a ɗauki hoto da na'urar hoton ƙashi. Idan hanya a buɗe take, za a ga ruwan ya bi bututun ya malala a ƙarshensa. Idan ya tsaya, nan toshewar take.

Abin lura shi ne, wani lokaci bututun kan tsuke na ɗan lokaci, sai a zaci ya toshe. Saboda haka akan tabbatar ta hanyar zura na'urar hangen ciki ta cibiya, tare da tura shuɗin ruwa.

Toshewa ba ita ce ƙarshen zance ba. Akan gyara wata da tiyata, ko a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, kamar yadda aka samu Louise Brown a Ingila a 1978. Haka kuma, kafin a kai mace wannan gwaji, ya kamata a auna maniyyin mijinta, domin matsalar tana iya kasancewa daga gare shi.